Sinukar dare a Minna: Darasin da ke cikin labarin gwanayen ƙasar Filifin

Idan aka idar da sallar Isha'i a Minna, zafi ya ɗan lafa, masu shaguna suka fara tattara kaya, akwai wata kasuwa da sai a lokacin take soma ci. Rumfarta barandar shago ce, ko 'yar inuwar kwano a gefen gidan kallon ƙwallo. Hajarta teburi guda mai koren ƙyalle, da sanduna biyu ko uku, da ƙwallaye 16, da ƙwan lantarki ɗaya yana reto a sama. Daga Bosso zuwa Tunga, daga Kpakungu zuwa Maitumbi da Chanchaga, mai yawon dare ba zai rasa jin ƙarar ƙwallayen nan suna karo ba, da shewar matasa idan baƙar ta faɗa rami.

Wasan da aka fi sani da sinuka ke nan. A galibin teburan nishaɗi ne kawai: a biya ɗan abin da mai teburi ya yanka, a buga, a yi dariya, a watse. Sai dai a wasu wuraren, idan dare ya tsala, yara suka tafi gida, wasan kan sauya kama. Hira ta ragu, 'yan kallo su matso, kuɗi ya hau teburi.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da wata hujja da suke ji da ita, kuma daga nesa ta zo. Duk wanda ya taɓa neman bidiyon wasan a YouTube ko Facebook, da wuya bai ci karo da wani dattijo ɗan ƙasar Filifin ba, mai yawan murmushi da sosa ƙeya, yana zura ƙwallo ta inda babu wanda ya hango hanya. Sunansa Efren Reyes, kuma da yawa daga masana wasan na ganin ba a taɓa yin gwani kamarsa ba. A wuraren wasan kuɗi na birnin Manila ya tashi, a nan ya goge. Sai a ce: tunda caca ta haifa wa Filifin zakarun duniya, me zai hana ta haifa wa Minna? Tambayar ta cancanci amsa ta tsanaki, domin a cikinta akwai albashin ma'aikaci, da kuɗin makarantar ɗalibi, da wata baiwa da ke tashi a banza.

Suna na sinuka, wasa na Amurka

Sinuka ta asali hafsoshin sojan Birtaniya ne suka ƙirƙiro ta a Indiya wajen shekarar 1875. Ana buga ta da ƙwallaye 22 a kan teburi mai tsawon ƙafa 12: jajaye 15, masu launi daban-daban shida, da fara guda. Abin da ake bugawa a unguwanninmu ɗan uwanta ne a dangin wasannin biliyad, wanda Amurkawa ke kira pul. Ƙwallaye 15 ne ban da farar, kowane ɗan wasa ya zura nasa bakwai, sannan a yi rige-rigen baƙar mai lamba 8. Sunan pul ɗin kansa daga tara kuɗin caca wuri guda ya samo asali, abin da ke nuna cewa wasan da kuɗi sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Ba abin mamaki ba ne wasan ya samu gindin zama a Minna. Gari ne da jirgin ƙasa ya raya, ya zama hedikwatar Jihar Neja a 1976, ya tara ma'aikata da ɗalibai. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983 tana da harabobi a Bosso da Gidan Kwano, hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO ma a garin take. Ga kuma matasa masu yawa da ba su da aikin yi ko wurin shaƙatawa. Teburi ba ya buƙatar fili kamar ƙwallon ƙafa, kuma kafinta na iya haɗa shi da katako. Wuta ce kawai matsala, duk da cewa jihar ce ke ɗauke da tashoshin Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Ƙaramin janareta ko fitila mai aiki da hasken rana kan toshe wannan giɓi.

Yadda kuɗi ke hawa teburi

Caca ba ta shigowa da sallama. Matakin farko, wanda mutane da yawa ba sa ma kallonsa a matsayin caca, shi ne yarjejeniyar cewa wanda aka ci shi zai biya kuɗin teburi. Na biyu, kowane ɗan wasa ya ajiye wani abu a hannun amintacce, wanda ya ci ya kwashe. Na uku shi ne mafi girma: 'yan kallo su rabu biyu, kowa ya zuba a kan gwaninsa, har abin da ke yawo a gefe ya ninka wanda 'yan wasan suka ajiye.

A da, aljihu ne ke tsayar da mai caca. Idan abin da ya fito da shi daga gida ya ƙare, dole ya haƙura. Yanzu asusun banki na cikin waya, mai POS na kusa, manhajojin ba da rance kuma ba sa barci. Idan duk waɗannan suka ƙafe, sai a koma jingina: waya, agogo, makullin babur.

Lissafi kaɗan zai nuna wa mai karatu inda kuɗin ke zuwa. A ɗauka mutum biyu ne masu ƙarfi ɗaya, suna ajiye Naira 1,000 kowanne a duk wasa, mai teburi yana karɓar Naira 200. Idan suka buga wasa 30 kafin asuba, kowa ya ci 15, babu wanda ya ƙaru a cikinsu, amma Naira 6,000 ta bar aljihunsu. Wannan shi ne dare mai sauƙi. Dare mai tsanani shi ne na mai neman ramuwa, wanda duk lokacin da aka ci shi sai ya ninka. Daga 1,000 zuwa 2,000, zuwa 4,000, haka dai. Idan aka ci shi sau bakwai a jere, ya yi asarar Naira 127,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Tsakanin sa'o'i biyu, yiwuwar a ci mutum sau bakwai a jere ɗaya ce cikin 128. Amma idan abokin karawar gwani ne da ke ɓoye hannunsa, mai iya cin wasa takwas cikin goma, yiwuwar ta koma kusan ɗaya cikin biyar. Garin neman gira ake rasa ido.

Ɓoye hannu kuwa tsohuwar sana'a ce a wannan wasa, duk inda ake buga shi a duniya. Gwani kan bari a ci shi wasa biyu ko uku na ƙananan kuɗi, ya yi kamar sanda na ƙwace masa, har sai abokin karawa ya ji kansa ya yi girma ya nemi a ƙara. Daga nan ne ake fara wasan gaskiya.

Yaron da ke kwana a kan teburi

To yaya abin yake a Filifin, ƙasar tsibirai da ke kudu maso gabashin Asiya, wadda ta gaji son wasan daga zaman da ta yi a ƙarƙashin mulkin Amurka?

An haifi Efren Reyes a lardin Pampanga a 1954. Yana ɗan shekara biyar aka kai shi Manila wurin wani kawunsa mai gidan biliyad da ake kira Lucky 13. Aikinsa jera ƙwallaye da hidimar 'yan wasa, da dare kuma a kan teburin yake kwana. Saboda ƙanƙanta, sai ya taka akwatin lemo kafin sandarsa ta kai. Laƙabinsa Bata, wato yaro a harshen Tagalog, an sa masa ne don a bambanta shi da wani babban ɗan wasa mai irin sunansa. Tun bai balaga ba ya fara wasan kuɗi, daga baya har da sojojin Amurka na sansanin Clark.

Da sunansa ya yi ƙauri har abokan karawa suka yi wuya a gida, sai ya bi sahun ɗan ƙasarsu Jose Parica zuwa Amurka. A 1985 ya shiga wata gasa a birnin Houston da sunan aro, Cesar Morales, don kada a gane shi, ya kuma lashe ta. A 1994 ya zama na farko da ba Ba'amurke ba da ya ci babbar gasar Amurka ta ƙwallo tara. A 1996 ya kara da Earl Strickland a Hong Kong, a kan cewa wanda ya fara cin wasa 120 zai ɗauki dala 100,000. Bayan kwana uku Reyes ya yi nasara da 120 da 117. Ya zama zakaran duniya a Cardiff a 1999, sannan a 2006 ya ci dala 500,000 a gasa guda a birnin Reno.

Ba shi kaɗai ba ne. Ronnie Alcano ya ɗauki kambun duniya a 2006, Francisco Bustamante a 2010, Dennis Orcollo a 2011. Carlo Biado ya ɗauka a Doha a 2017, ya maimaita a Jidda a 2025. A ɓangaren mata, Rubilen Amit ta zama zakarar duniya a 2009 da 2013 da 2024.

Gaskiya ne kusan dukkan mazan nan sun ratsa ta wasan kuɗi na dare. A Manila da sauran garuruwan ƙasar, irin wannan karawa kan kai har wayewar gari. Kafin a fara, akan daɗe ana ciniki a kan ratar da gwani zai bai wa na ƙasa da shi. Jama'a kan kewaye teburin har ɗan wasa ya rasa inda zai ja sanda, kowa da kuɗinsa a hannu. Wanda ya saba bugu a cikin wannan matsi, hasken kyamarar talabijin ba ya sa hannunsa rawa. Wannan kam caca ta ba su.

Abin da bidiyo ba ya nunawa

Sai dai dakewar zuciya ɗaya ce daga cikin abubuwa da dama, kuma sauran ba daga caca suka fito ba.

Na farko shi ne yawan sa'o'i. Yaron da ke aiki a gidan wasa yana kallon manyan gwanaye wuni guda, ya kuma samu teburi kyauta idan an tashi. Shekaru ya yi yana koyo kafin ya fara ci.

Na biyu, nau'in wasan. Wanda 'yan Filifin suka tashi da shi wasan bin lamba ne: dole farar ƙwallo ta fara taɓa mafi ƙanƙantar lamba da ta rage a teburi, kowace ƙwallo kuma makinta shi ne lambarta. Jimillar maki 120 ne, wanda ya fara kai 61 ya ci. Tunda ɗan wasa ba shi da zaɓin ƙwallon da zai buga, tilas ya koyi sarrafa farar, da bi ta bango, da lissafin bugu uku ko huɗu gaba. Wanda ya ƙware a wannan, sauran nau'o'in sun zame masa sauƙi.

Na uku, ubangida. A manyan karawa, sau da yawa ɗan wasa ba kuɗinsa yake sawa ba. Wani mai hali ne ke zubawa, idan an ci ya ba shi kasonsa, idan an faɗi ya ɗauki asarar. Reyes kansa ya daɗe a ƙarƙashin kulawar ɗan kasuwa Aristeo Puyat, wanda danginsa ke da wuraren wasanni a Manila.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, matakala. Ƙasar na da hukumar gwamnati da ke ba ƙwararrun 'yan wasa lasisi. Biliyad na cikin wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ya kuma kasance cikin gasar nahiyar Asiya daga 1998 zuwa 2010. Manila ta karɓi baƙuncin gasar duniya a 2006 da 2007. Yaron da ya yi fice a unguwa yana da inda zai taka ya hau, daga gasar gari zuwa tawagar ƙasa, zuwa kuɗin da ke shigowa daga waje.

Bidiyo kuma ba ya nuna waɗanda ba su kai ba. A bayan kowane zakara akwai ɗimbin matasa da suka bar makaranta, suka ƙare ƙuruciyarsu a gefen teburi, suka tsufa babu sana'a. Akwai kuma cutar da ke bin duk wasan da 'yan kallo ke zuba wa kuɗi: ɗan wasa ya haɗa baki da abokin karawarsa, ya faɗi da gangan, su raba kuɗin ubangida da na jama'a. Ƙasar na da doka mai hukunta haramtacciyar caca tun 1978, alamar cewa su ma ba su ɗauki abin a matsayin alheri tsantsa ba.

Idan aka dawo Minna da wannan ma'auni, bambancin a fili yake. Teburi akwai, baiwa akwai, caca ma akwai. Amma kuɗin da ke juyawa na ɗan acaɓa ne da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci, yana fita daga wannan aljihu yana shiga wancan, yana raguwa a hanya. Gwanin unguwa idan ya cinye kowa, abin da ya rage masa shi ne ya nemi baƙon da bai san shi ba.

Inda abin ya shafi ma'aikaci

Mai karatu na iya ɗauka cewa wannan matsalar 'yan bakin titi ce. Amma teburi na biyu yana can a otal-otal da wuraren shaƙatawa masu sanyaya ɗaki, inda ƙyallen ya fi laushi, kuɗin kuma ya fi nauyi. Nan ne ma'aikacin da ya baro Abuja ranar Juma'a, ya sha gajiyar hanyar Suleja, kan zauna da abokai. Nan ne kuma hadimin babban mutum kan samu kansa cikin masu kuɗin da ba sa'o'insa ba, kunya ta hana shi cewa abin ya fi ƙarfinsa.

Ga ma'aikacin gwamnati, asarar ba ta tsayawa a aljihu. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun lissafa faɗawa cikin mummunan ƙangin bashi a jerin manyan laifuka, sahu ɗaya da ɓoye fayil da fallasa sirrin ofis, kuma hukuncin manyan laifuka na iya kaiwa ga kora. Hikimar a bayyane take. Wanda ake bi bashin da ba zai iya faɗa wa iyalinsa ba, shi ne mafi sauƙin lanƙwasawa. Mai bin bashin ba lallai ya nemi kuɗinsa ba. Yana iya neman a duba masa wata takarda, ko a gaya masa ranar da maigida zai sa hannu, ko a shigar da shi ofis ba tare da layi ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Doka da addini

A ɓangaren addini babu ruɗani. Alƙur'ani ya ambaci caca tare da giya a Suratul Baƙara aya ta 219, ya kuma haramta su a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91, inda ya bayyana ƙiyayya da shagala daga sallah a matsayin abin da suke haifarwa. Malamai da dama sun sanya tsarin nan na wanda aka ci ya biya teburi a cikin caca, tunda kowane ɗan wasa ya shiga ne tsakanin riba da asara. Da yawansu kuma sun sassauta idan kyautar daga hannun wani na uku ta fito, wasan bai hana sallah ko wani wajibi ba. Majami'un garin ma ba su bar wa'azi a kan caca ba.

A ɓangaren doka, Neja na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, zamanin Gwamna Abdulkadir Kure. Sannan a ranar 22 ga Nuwamban 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai. Ma'ana, tsara harkar caca ko hana ta a Minna nauyi ne da ke wuyan gwamnatin jiha da majalisarta.

Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce rufewa da kame. Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a ƙarshen 2024. A Minna, a watan Afrilun 2025, Gwamna Mohammed Umaru Bago ya taƙaita zirga-zirgar 'yan acaɓa da masu Keke Napep daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe saboda rikicin 'yan daba. Irin waɗannan matakai kan kwantar da ƙura na ɗan lokaci. Amma teburin katako mutum huɗu ne ke ɗaga shi. Idan aka kore shi daga bakin titi, sai ya koma cikin gida, inda babu idon dattijo balle na hukuma.

Raba wasa da caca

Da yawa daga masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta takardun da shugabanni ke sa wa hannu, don haka ga abin da za a iya sawa a takarda ba tare da kasafi mai nauyi ba.

Ƙananan hukumomin Chanchaga da Bosso, waɗanda birnin ya ratsa, na iya yi wa masu tebura rajista da sharuɗɗa uku: lokacin tashi da dare, hana yara 'yan makaranta a lokacin karatu, da biyan kuɗin teburi bisa lokaci ko raba shi daidai tsakanin 'yan wasa. Sharaɗi na ukun nan kaɗai ya toshe ƙofar farko da caca ke shigowa ta ciki, kuma mai teburi bai rasa ko kwabo ba.

Sai gasa. Ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha, da jami'a, da 'yan kasuwar gari, na iya shirya gasar unguwa-unguwa da rana tsaka, da alƙali, da rubutattun ƙa'idoji, kyautar kuma daga mai ɗaukar nauyi. Ƙungiyoyin wasanni na ma'aikatu, waɗanda ke haɗuwa a gasar FEPSGA, na iya yin irin wannan a tsakaninsu. Matsin da ke gasa zuciyar ɗan wasa yana nan a wasan ƙarshe da ake yi a gaban jama'a, ba sai an jinginar da babur ba. Attajirin da ke jin daɗin zuba kuɗi a kan gwaninsa da tsakar dare, da zai saya masa sanda mai kyau ya biya masa kuɗin mota zuwa gasa a Kaduna ko Legas, da ya zama irin ubangidan da tarihi ke tunawa da shi.

Filifin ta samu zakaru ne saboda ta gina musu hanyar fita daga ɗakin caca, kuma duk da haka waɗanda suka fita kaɗan ne. Garin da ya kwaikwayi ɗakin ya bar hanyar, asarar kawai zai gada. A wata unguwa a Minna a yau akwai yaron da idonsa ke ganin kusurwar da manya ba sa gani. Ko zai zama ɗan wasan da jiha za ta yi alfahari da shi, ko mai farautar albashin mutane a ƙarshen wata, ya danganta da wanda ya riga isa wurinsa: mai shirya gasa ko mai riƙe kuɗin caca.